Taransifoma Marar Naɗi: Littafin Aikin Jera Sandunan Fiyezo Huɗu

Asabar, 4 ga Janairu

Yau na fara da gaske. Tun kafin ƙarshen shekara nake tara matattun inbatocin sikirin (ƙananan allunan da ke ɗaga wuta su kunna fitilar sikirin) na tsofaffin laftof, irin waɗanda ake haskawa da siririn ƙwan fitila mai kama da tsinken tsintsiya, kafin LED ya zo ya kore su. Yawancinsu ƙaramar taransifoma ce ta naɗi a jiki. Amma jefi-jefi, musamman a siraran laftof 'yan Japan, sai ka tarar da wata 'yar sanda ta tangaran, wadda ake kira fiyezo, kwance cikin akwatin roba tana yin aikin taransifomar. Ita nake farauta. Tsakanin tarkacen shagona da abin da na tsinto wajen masu gyara a Beirut Road da Sabon Gari, inbata 31 na buɗe, bakwai ne masu sanda. Shida tsawonsu ɗaya, milimita 30. Ta bakwai gajeriya ce, na jefa ta a dirowa. Goma sha takwas na saya a ₦300 kowace, ₦5,400 ke nan.

Abin da nake son haɗawa shi ne na'urar awon lafiyar rufin waya, wadda masu aikin lantarki ke kira mega. Baba mai naɗin kwayil da ke bayan layinmu yana naɗa injinan rijiyar burtsatse, kuma da ƙwan fitila yake gwada ko waya na taɓa jikin ƙarfe. Ƙwai ba ya nuna rufin da ya fara lalacewa, sai wanda ya riga ya mutu. Burina bolt 500, 1,000 da 2,500 daga batir mai bolt 12, a cikin akwatin da bai fi gwangwanin kifi ba. Na san taransifomar naɗi za ta yi wannan aikin cikin kwana biyu. Son sani ne ya kawo ni nan, ba zan ɓoye ba.

Talata, 7 ga Janairu

Na cire sandunan daga allunansu, na yi musu lamba A zuwa F da maka a jikin robar.

Ga wanda bai taɓa gani ba: sandar tangaran ce da ake kira PZT, haɗin dalma da zirkoniyam da titaniyam. In ka ba ta wuta sai ta motsa, in ka motsa ta sai ta ba da wuta. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano hali na biyun a jikin wasu duwatsu a 1880, kuma shi ne dai ke ƙyasta wuta a laitar gas. A shekarun 1950 wani injiniya a Amurka, Charles Rosen, ya haɗa halayen biyu a sanda ɗaya. Rabin farko akwai shafin azurfa sama da ƙasa, nan wuta ke shiga ta sa sandar ta riƙa miƙewa tana tsukewa. Rabi na biyu shi ke mayar da wannan kaɗawar wuta mai ƙarfi, ta fita ta wani ɗan shafin azurfa a can bakin sandar. Waya uku kawai: shiga, fita, da layin ƙasa da suka yi tarayya a kai. Wannan tarayyar za ta dame ni nan gaba, na riga na hango.

Sharaɗinta guda ne. Sai ka kaɗa ta daidai da muryarta, kamar yadda kowane kwano ke da amonsa in an ƙwanƙwasa. Sanda mai wannan tsawon muryarta ta farko tana wajen 55 kHz, ta biyu kusan ninkinta. Na duba inda masana'anta suka riƙe ta a cikin robar, a tsakiya ne cif. Wato da muryar farko suke aiki, domin a nan ne tsakiyar ke tsayawa cik yayin da bakunan biyu ke kai da komo.

Asabar, 11 ga Janairu

Na so in kaɗa su kai tsaye da Arduino Nano, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Bai yiwu ba. Agogonsa 16 MHz ne, in ka raba da 290 ka samu 55,172, in ka raba da 291 ka samu 54,983. Taki ɗaya kusan 190 Hz, babu tsaka-tsaki. Sandar kuwa in lodinta, wato abin da ke shan wutarta, ba shi da nauyi, faɗin ƙololuwarta bai kai haka ba, sai ka tsallake ta ba ka sani ba. Na sayo ɗan allon AD9833, janareton firikwensi, ₦7,000. Shi takinsa kashi ɗaya cikin goma na Hz ne, ya wuce buƙata.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda na ɓata ina awon ƙarya. Duk sandar da na ɗora wa tsinken osiloskof (injin da ke zana kaɗawar wuta a sikirin) a bakin fita, sai muryarta ta sauka, wutar ma ta ragu. Na cire, fitilar gwaji ta ƙara haske. Na mayar, ta dusashe. Har na fara zargin injin da na aro.

Sai bayan la'asar na auna kafasitans (iya ajiye caji) ɗin ɓangaren fita da mita: wajen 20 pF. Tsinken osiloskof shi kansa yana ɗauke da kusan 15 pF. Ashe ba awo nake yi ba, goyo nake ɗora mata. Ga shi kuma tsinken ba a yi shi don ɗaruruwan bolt irin waɗannan ba, Allah ne ya tsare.

Gyara: lodi mai 150k, sannan ƙaramin rezisto mai 1k a ƙarƙashinsa ta wajen layin ƙasa, tsinken ya zauna a kan ƙaramin. Ban zaɓi 150k da ka ba. Lodin da sandar ta fi jin daɗi shi ne wanda ya yi daidai da turjiyar kafasitans ɗinta a wannan firikwensi, kuma 20 pF a 55 kHz ya ba ni kusan 145k. Siririn ƙwan laftof ma in ya kama turjiyarsa ba ta da nisa da nan, shi ya sa suka yi zaman lafiya shekara da shekaru.

Ga muryoyin da na samu: A 55.1, B 55.3, C 54.6, D 55.2, E 56.0, F 55.2. Huɗu sun yi kusa da juna, A, B, D da F. Na kwanta da farin ciki.

Laraba, 15 ga Janairu

F ta fashe.

Laifina ne, ba na kowa ba. Ina saukowa da firikwensi daga 58 a hankali, ashe maƙalin lodin ya zame daga wayar fita, ban lura ba domin idona na kan sikirin. Ina isowa wajen 57 na ji "tas", ƙara 'yar ƙarama kamar an taka ƙwayar gero. Yarona na shago ya ɗago kai ya ce, "Oga, wani abu ya karye." Na ce babu komai. Da na ɗaga ta a hasken taga, ga tsaga nan ta ratsa tsakiya kamar silin gashi.

In babu lodi babu inda ƙarfin zai tafi, sai sandar ta yi ta ƙara kaɗawa har jikinta ya gaza. Kuma wurin da ba ya motsi, wato tsakiyar nan, a nan ne ja-in-jar ta fi tsanani. Abin da ya fi tsaya mini a rai: mega ai kusan kullum ba ta da lodi. Rufin waya mai lafiya ɗaruruwan megohm ne, kamar ba ka jona komai ba. Wato aikin da na zaɓa wa sandunan nan shi ne ainihin yanayin da ke kashe su. Dole a sa musu lodin dindindin a cikin akwati, wanda ba ya cirewa, ko da zai riƙa cin batir a banza.

Saura biyar, kuma ta huɗun da zan jera yanzu sai dai C ko E, duk bare ne.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban taɓa aikin ba. Laftof uku na kwastoma.

Talata, 21 ga Janairu

Na gwada abin da kowa zai fara gwadawa: haɗa bakin fitar sanda biyu wuri ɗaya, kamar yadda ake jera batir. A da D na fara, tunda sun fi kusa. Maimakon ƙari, wuta ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Na juya wayoyin shigar D, sai ta dawo. Ashe daga masana'anta daban suke, fuskar da ke sama a wannan ita ce ƙasa a waccan, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Na ɗiga jan fenti a fuskar da ta dace a kowace.

Sai A da C. Nan juya waya bai yi magani ba. Wutar da suka bayar tare da ƙyar ta ɗara ta guda ɗaya, kuma cikin minti biyu C ta yi zafin da ba na iya barin yatsa a kan robarta. Tazarar 500 Hz ce kawai a tsakaninsu, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Amma a kusa da ƙololuwa, lokacin bugun sanda yana juyawa da sauri ƙwarai, wadda ke ƙasa da muryarta da wadda ke sama ba sa buga ƙafa tare. Kamar mata biyu ne a turmi ɗaya da taɓarensu bai daidaita ba, ba hatsi ake dakawa ba, taɓare ke dukan taɓare.

Shawarar da na yanke: ba za su sake haɗuwa ta ɓangaren AC ba. Kowace sanda da nata dayod, a mayar da wutarta DC tukuna, sannan su haɗu a kan kafasita. A nan babu ruwan wata da lokacin bugun wata.

Alhamis, 23 ga Janairu

Sayayya: dayod UF4007 guda 20, ₦2,000. Kada wanda ya bi sahuna ya sa 1N4007 don sun yi kama, ba ya rufewa da wuri a wannan gudun, zafi kawai zai yi. Kowane UF4007 bolt 1,000 yake ɗauka, don haka bibbiyu zan jera a kowace ƙafa, huɗu ga kowace sanda. Kafasita 10 nF mai 2 kV guda huɗu, ₦2,400. Rezistoci, ₦2,500. IRFZ44N biyu, wato MOSFET masu kunna wuta da kashewa da sauri, da IR2104 mai tuƙa su, ₦4,500.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ga yadda na warware matsalar layin ƙasan nan na tarayya. Tunda shiga da fita sun haɗa ƙafa ɗaya, ba zan iya ɗora fitar wata a kan ta wata don bolt ya ninku ba. Sai na raba su gida biyu. A da D dayod ɗinsu na fuskantar gaba, suna tara fozitif. B da ta huɗu dayod ɗinsu a juye, suna tara negetif. Kowane gida bolt 1,250 daga layin ƙasa, tsakanin gidajen biyu kuwa 2,500. Babu sandar da ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Kowane gida na sa masa lodin dindindin, rezisto 220k guda goma a jere, domin ƙaramin rezisto ɗaya ba ya jure bolt dubu ko da bai yi zafi ba.

Na kuma gwada wata dabara da ban ji daɗinta ba: in ba E nata firikwensin daban, sauran su bi nasu. Ta yi aiki, amma allon ya kama wani siririn fito mai shiga kunne. 56.0 a cire 55.1, saura 900 Hz, shi kunne ke ji. Mai shagon kusa da ni ya leƙo yana tambaya ko gyare ne ya shige mana. Bayan haka janareton firikwensi biyu ya ɓata ƙanƙantar da nake nema. Na watsar.

Laraba, 29 ga Janairu

MOSFET biyu sun ƙone, ₦1,600. Na haɗa shigar sandunan huɗu kai tsaye a kansu. Ɓangaren shiga na waɗannan sanduna falle-falle ne a ciki, kowace kusan 100 nF, huɗu 400 nF. Cika wannan da zubar da shi sau dubu 55 a daƙiƙa da bolt 12 ya haura wat uku, duk a jikin MOSFET yake ƙarewa. Magani shi ne ɗan kwayil a gaban kowace sanda, ya tausasa bugun ya zama mai lanƙwasa. Na naɗa huɗu a kan zoben ferait da na cire daga matacciyar caja, kowane wajen 68 µH.

Baba ya shigo ya same ni ina ƙirga zagaye. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce taka taransifomar ba ta son naɗi ba?" Na ce, "Baba, ai wannan ɗan rakiya ne." Ya karɓi zoben daga hannuna, ya warware, ya sake naɗawa cikin minti ɗaya, layi-layi kamar kitso. Nasa na bari, sauran ukun ma na kai masa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar zaunar da su a allo, kuma ranar da na fi koyon abu.

Da farko na cire su daga robobinsu don su matsu, na ɗiga gam ɗin kyandir a bakuna biyu na A. Wutarta ta faɗi ƙasa da rabi. Ai bakunan su ne ke rawa, na ɗaure mai rawa a ƙafa. Na ɓanɓare a hankali da reza da sifirit, gabana na faɗuwa. Yanzu kowace tana zaune a kan ɗigon silikon guda, faɗinsa bai wuce milimita uku ba, daidai tsakiya, sauran jikinta a iska. Silikon ₦3,000.

Wayar fita ma haka. Tana manne a wurin da ya fi ko'ina motsi, in ta yi kauri sai ta danne kaɗawar, in ta yi tauri ta ɓalle da azurfar gaba ɗaya. Na zare sili ɗaya daga wayar tsohuwar iyafis, na yi masa ɗan lanƙwaso kamar ƙugiya don ya samu wurin numfashi. Wajen liƙi kuma ba a daɗewa. Zafi mai yawa yana goge tsarin da aka dasa wa tangaran ɗin a masana'anta, dalma kuma tana lashe azurfar in an bar ta a narke. Na rage zafin ƙarfen, taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu, in bai kama ba in jira ta huce.

Tazarar milimita shida na bari tsakanin sanda da sanda, bakunan fita duk suna kallon gefe ɗaya, nesa da wayoyin Arduino.

Talata, 4 ga Fabrairu

Tsakanin C da E, E na ɗauka. Dalili: ƙara kafasitans a bakin fita yana saukar da murya, amma ba ni da hanyar ɗaga ta. Darasin tsinken osiloskof ne ya dawo ya yi mini rana. Kafasita 'yar pF kaɗan mai jure bolt dubu ba ta samuwa a nan kusa, sai na yanko wayar RG-58, wadda kowace santimita ɗaya tana ba da kusan 1 pF. Na fara da santimita goma ina datsewa da kaɗan-kaɗan. A bakwai E ta sauko kusa da B. Ta ɗan rasa ƙarfi, amma yanzu da yatsa ba ka bambance zafinsu.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Rubutun Arduino. Ƙa'ida ɗaya na ba shi: ya fara daga 60 kHz, ya riƙa saukowa har bolt ɗin da aka nema ya cika, ya tsaya nan yana gyarawa. Kada ya kuskura ya gangara bayan ƙololuwa, domin a can lissafin juyewa yake, ragi ya zama ƙari. In ya kai 55.4 bai samu ba, ya kashe ya sake daga sama. Yana ganin bolt ta rezisto 10M guda goma da 100k a ƙasa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

2,480 a mita. Na yi hamdala.

Da aka ɗauke wuta da magariba ina kan batir, sai na hango wani ɗan shuɗin haske a kan ƙullin dalmar dayod na gidan negetif, ga wani wari kamar na injin fotokofi. Wuta ce ke tsiyaya cikin iska ta wani tsinin dalma da na bari. Ga ƙurar hunturu ta kwanta a allon tun kwana uku, ta yi mata hanya. Na wanke da sifirit, na sake narka kowane ƙulli ya zama mulmulalle kamar ƙwayar wake, na yanka tsaga a allon tsakanin gidajen biyu, na shafe layukan da silikon. Sandunan kam ban shafa musu komai ba.

Kafasita ta cije ni a ɗan yatsa ina cikin wannan, domin na cire lodin dindindin don wanki na manta. Ba ta da yawa, amma na ji ta har gwiwar hannu. Na ƙara rezisto mai jimlar 1M a wayar gwaji, yadda ko an taɓa bai wuce 2.5 mA ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin awa ɗaya a rufe. Da safe firikwensin ya zauna wuri ɗaya. Da rana ta take, rufin kwano ya ɗau zafi, sai ya riƙa zamewa ƙasa, wajen 150 Hz cikin rabin awa, Arduino na bin sa. A 2,500 sau biyu ya kai iyaka ya sake farawa. B ce ta fi zafi, ina zargin ɗigon silikon ɗinta ya karkace daga tsakiya. Watan Afrilu zai fi haka, don haka sai na huda akwatin, in rufe hudojin da yankin gidan sauro saboda ƙura.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na kai wa Baba. Na fara yi masa bayanin 2,500, ya ɗaga hannu. "Ɗana, injin da ke cin 230 ko 415, da 500 ake gwada shi. Wannan taka mai yawan ai sai ta huda mini banish." Gaskiyarsa. Wata ɗaya da rabi ina fama da abin da shi bai nema ba.

Muka sa a 500. Injin da ya gama naɗawa ya gasa jiya ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Wani da aka ciro daga rijiya, wanda ƙwan Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya nuna ƙasa da rabin megohm. Baba ya kwance murfin, ga danshi a bakin kebul. Bai ce komai ba, ya tura yaronsa ya sayo mini lemo.

A 500 sandunan can sama da muryarsu suke aiki, ko ɗumi ba sa yi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kuɗin da ya fita zuwa yau ₦28,400, ban da Arduino da batir da nake da su, ban da F. Akwati da maɓallin zaɓe da ɗan sikirin za su ci wajen ₦9,000.

Saura: in gyara zaman B, in kulle 2,500 a bayan maɓalli na biyu don kada yaran Baba su danna da kuskure, in sa fitilar da za ta ci gaba da ci har kafasita ta sauke. Awon 'yar wutar da ke ratsa rufin waya ma yana rawa in hannu ya matso, yana son a kewaye wayarsa da garkuwa. Azumi jibi ko gata, don haka aikin zai koma bayan tarawihi, in ido ya yarda. C tana nan a dirowa tare da gajeriyar, kuma wani mai gyara ya ce yana da buhun tsofaffin inbatoci a gida, zan je ranar Lahadi da mita a aljihu.